Sharhi kan avrdude: ɗora shiri a ATmega328P ta tashar siriyal

Duk wanda ya taɓa danna maɓallin ɗora shiri a manhajar Arduino domin allon Uno ko Nano mai ɗauke da guntun ATmega328P ya yi amfani da avrdude, manhajar da ke rubuta shiri cikin guntun, ko bai sani ba, don ita ce ke aiki a ƙarƙashi. Brian Dean ne ya fara rubuta ta, kyauta ce, kuma tana aiki a Linux da Windows da macOS. Hukuncina bayan amfani da ita kai tsaye daga layin umarni shi ne: wajen rubutawa da tabbatarwa abar dogaro ce ƙwarai, amma idan abu ya lalace ba ta iya faɗa maka dalili. Kai za ka nemo shi.

Umarnin yau da kullum gajere ne:

avrdude -c arduino -p m328p -P /dev/ttyUSB0 -b 115200 -U flash:w:shiri.hex:i

Da -c ake faɗin yaren da za a yi da guntun, -p sunan guntun, -P tashar, -b saurin sadarwa. Sashen -U shi ne aikin kansa: wace ƙwaƙwalwa, rubutawa ko karantawa, wane fayil, wane tsari. A Windows tashar takan zama COM3 ko makamancinta, kuma a can kada a bar :i ɗin ƙarshe idan hanyar fayil ta fara da C:, domin manhajar na iya ɗaukar ɗigo biyun nan a matsayin rabuwar sashe. Bayan rubutawa takan karanta filash ɗin, wato ƙwaƙwalwar da shirin ke zama a ciki, ta kwatanta da fayil. Ana iya kashe wannan da -V, amma ban ga hikimar hakan ba. Daƙiƙa kaɗan ne a kan guntu mai kilobait 32.

Abin da ke rikita masu farawa shi ne tashar siriyal ita kaɗai ba ta iya rubuta komai a ATmega328P. Sai akwai butloda a ciki, wato ɗan shirin da ke zaune a ƙarshen filash, yana farkawa bayan sake kunnawa ya saurara na ɗan lokaci. Optiboot na Uno bait 512 ne kawai, yana magana a 115200. Tsohon butloda da ke kan Nano da yawa da Pro Mini yana magana a 57600. Sabon guntu daga masana'anta ba shi da ko ɗaya.

Haɗin waya da adaftar USB irin CH340 ko CP2102 ko FT232RL ba shi da wahala. TX na adafta zuwa RX na guntu, RX zuwa TX, sannan GND da GND, wanda ake yawan mantawa. Layin DTR yana bi ta kafasita 100 nF zuwa ƙafar RESET, ita kuma ƙafar a ɗaure ta sama da resista 10k. Wannan kafasita ce ke mayar da saukar DTR ɗan bugu guda da zai tashi butloda daidai lokacin da avrdude ta fara kira. Idan adaftar ba ta fitar da DTR ba, sai a danna RESET da hannu, a saki da zarar umarnin ya fara. Yana yiwuwa, amma sai an yi ta gwadawa.

A nan ne raunin manhajar yake. Saƙon "not in sync: resp=0x00" da "programmer is not responding" su ne amsarta ga matsaloli aƙalla biyar mabambanta: saurin -b bai dace da butloda ba, an juya TX da RX, RESET bai motsa ba, wata na'ura na manne a ƙafa 0 da 1 tana cin layin, ko kuma babu butloda sam. Za ta gwada sau goma ta haƙura, ba tare da ta nuna wanne ne ba. Hanya mafi sauri ita ce a cire komai daga ƙafa 0 da 1, a gwada 57600, sannan a kalli fitilar ƙafa 13: Optiboot yakan ƙifta ta bayan sake kunnawa, idan ba ta ƙifta ba matsalar tana wajen RESET ko butloda. Ƙara -v sau huɗu yana nuna bait ɗin da ke fita da masu dawowa, kuma yana taimakawa fiye da saƙon kansa. A Linux akwai ƙarin tarko biyu: mai amfani da ba ya cikin rukunin dialout a Debian da Ubuntu ba zai buɗe tashar ba, haka ma idan wata taga mai kallon siriyal na riƙe da ita.

Sa butloda a sabon guntu ma ta siriyal ake iya yi, a mayar da wani Uno abin rubutawa da shirin ArduinoISP. Ƙafa 11, 12 da 13 zuwa takwarorinsu, ƙafa 10 zuwa RESET na sabon guntun, kafasita 10 µF tsakanin RESET da GND na Uno ɗin don kada ya sake kunna kansa, umarni kuma -c stk500v1 -b 19200. Ta irin wannan hanya ake taɓa fiyus, wato bait ɗin saitin guntun (lfuse da hfuse na cikinsu), don Optiboot ba ya canza su.

Fiyus kuwa wuri ne da avrdude ba ta da tausayi. Abin da ka ba ta shi za ta rubuta. Guntun yana zuwa da lfuse 0x62, wato agogon ciki na 8 MHz da aka raba takwas ya koma 1 MHz. Uno yana amfani da 0xFF, mai buƙatar kiristal 16 MHz da kafasita 22 pF guda biyu. Rubuta 0xFF babu kiristal a allo, guntun zai yi shiru kamar ya mutu, sai an sa masa kiristal ya dawo. Wanda ya fi muni shi ne kunna saitin RSTDISBL a hfuse: ƙafar RESET ta daina aikinta, kuma ba mafita sai na'urar da ke rubutu da bolt 12. Don haka a karanta tukuna da -U lfuse:r:-:h da -U hfuse:r:-:h, a ajiye lambobin.

Ina da ƙorafi ɗaya kan yadda take ambaton -F, zaɓin tilastawa, duk lokacin da sa hannun guntu, wato lambar da ke nuna irinsa, bai dace ba. ATmega328P yana amsa 0x1E950F, ATmega328 marar P yana amsa 0x1E9514, maganin wannan shi ne -p m328. Idan kuma amsar 0x000000 ce, waya ce ko agogo, tilastawa ba ta gyara komai.

Tun fitowa ta 7.0 a 2022 an ƙara -c serialupdi, wanda ke ba da damar rubuta sababbin ATtiny irin 1614 da adaftar siriyal da resista ɗaya kawai, ba butloda. Wasu tsofaffin ma'ajiyoyin Linux har yanzu 6.3 suke bayarwa, a duba lambar da avrdude -v kafin a fara haɗa waya.