Gidan Sauron Jarirai Mai Naɗewa: Abin da Na Gani a Kwana Huɗu Cikin Tanti a Fadamar Haɗejiya

A farkon watan Nuwamban da ya wuce, lokacin yankan shinkafa, maigidana ya ɗauki hutu domin ya tsaya a kan gonarsa da ke fadamar Kogin Haɗejiya, ni kuma na bi shi da 'yarmu mai wata 14 a duniya don kakarta ta gan ta. Ɗakunan gidan surukaina sun cika da 'yan uwa da masu aikin yanka, saboda haka muka kafa tantin da muka zo da shi a lambun bayan gida wanda aka kewaye da danga, muka yi kwana huɗu a ciki. Abin da na fi dogara da shi a wannan tafiya, bayan Allah, shi ne ɗan gidan sauron nan na jarirai mai buɗe kansa, wanda ake naɗewa ya koma kamar faifai, kuma a kansa nake so in yi bayani, domin na ga iyaye mata da yawa suna sayensa da zaton ya ɗauke musu dukan nauyin kare yaro da dare.

Na saye shi ne a wani shagon kayan jarirai a Kano, kuma ba shi da wani sanannen suna a jikinsa, irinsa ne dai da ake gani a kowace kasuwa da launin shuɗi ko ruwan hoda. Jikinsa raga ce mai ƙananan idanu, an ɗinke ta a kan siririyar waya mai lanƙwasuwa, ƙasansa yadi ne, ƙofarsa kuma zif ne mai zagaye a gefe guda. Ya zo da 'yar katifa da ɗan matashin kai. Da na auna shi da tef ɗin ɗinki na samu tsawonsa santimita 110, faɗinsa kuwa kimanin 60, nauyinsa kuma bai kai a ce an ɗauki kaya ba, domin na rataya jakarsa a kafaɗa alhali ina goye da yarinya ban ji wani ƙari ba.

Dalilin da ya sa na damu da batun sauro har haka sananne ne ga duk wanda ya san wannan yanki. Kogin Haɗejiya yana samun ruwansa ne daga Kogin Kano da na Challawa, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 ruwa ya daina ƙafewa a wurare da yawa kamar yadda yake yi a da, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, ya kwanta a fadamu har bayan ɗaukewar damina. Inda ruwa ya kwanta kuwa, nan macen sauro mai ɗauke da zazzaɓin cizon sauro take yin ƙwai, kuma aikinta daga faɗuwar rana ne zuwa ketowar alfijir, wato daidai lokacin da yaro yake barci. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin rubu'in masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Najeriya suke, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda take kashewa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. 'Yata ta sha maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata a lokacin damina, amma zagayen ƙarshe ya wuce kafin mu tashi, don haka ban ɗauki tafiyar da wasa ba.

Zan fara da abin da ya burge ni, domin yana da yawa. Kafa shi ba ya cin ko minti ɗaya: da an zare shi daga jaka an saki, sai ya miƙe da kansa, babu neman ƙusa, babu igiya, babu sanda. Wanda ya taɓa ƙoƙarin rataya babban gidan sauro a cikin tanti mai rufin kwano-kife, inda babu bango balle wurin ɗauri, zai san darajar wannan. Abu na biyu, kuma wanda ya fi muhimmanci a wurina, shi ne yana da ƙasa a ɗinke. Gidan sauron da muka saba da shi sai an cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, kuma yaro mai juyi cikin barci yakan zare shi da ƙafa ba tare da uwa ta sani ba. Wannan kuwa da an ja zif ya rufe ta ko'ina, saboda haka bai tsaya ga sauro kaɗai ba, har cinnaka da tururuwa ya tsare. A dare na biyu maigidana ya haska tocila ya ga kunama a jikin danga, taku kaɗan daga bakin tantin, kuma a wannan dare sanin cewa yarinyar tana cikin abu rufaffe ne ya sa na iya runtsawa.

Ya yi mini amfani da rana ma fiye da yadda na zata. Da hantsi nakan fito da shi in ajiye a kan tabarma a inuwar mangwaro, in kwantar da ita ta yi barcinta ƙuda bai dame ta ba, ni kuma in taya surukata aikin abincin masu yanka ina hango ta ta cikin ragar. Surukar tawa da farko ba ta yarda da shi ba. Ta dube shi ta ce, "Yanzu kishiyar tawa za ki rufe a cikin wannan abu kamar akurki? Ki goya ta mana, 'yar nan." Na ce, "Inna, bayana ya gaji, kuma kin ga iska tana ratsa shi." Kafin mu tafi ita da kanta take cewa a ɗauko shi idan yarinyar ta fara gyangyaɗi.

Sai dai akwai aibobi, kuma wasu daga cikinsu ba ƙanana ba ne. Na farko shi ne ragar ba ta da magani. Gidan sauron da ake rabawa a asibiti lokacin awon ciki, ko a lokacin rabon gida-gida, an sarrafa zarensa da maganin ƙwari wanda yake kashe sauro ko ya kore shi idan ya sauka a kai, kuma yakan riƙe ƙarfinsa kimanin shekara uku ko wanki ashirin. Wannan kuwa shinge ne kawai. Sauro yana iya sauka a jikinsa ya zauna lafiya, kuma idan fatar yaro ta jingina da ragar zai cije shi ta cikin idanunta. Haka ta faru da mu a daren farko: da safe na ga tabon cizo uku a jere a bayan hannunta na dama, daidai inda ta manna shi da gefe. Faɗin santimita 60 ya ishi jariri ɗan wata uku da ba ya motsi sosai, amma yarinyar da ta fara tafiya tana juyawa ne kamar hannun agogo, kuma kafin asuba ko dai kanta ko ƙafarta sai ya taɓa raga. Daga dare na biyu sai na lulluɓa babban gidan sauro mai magani a kansa, na cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, na kuma sa mata riga mai dogon hannu da safa. Ban ƙara ganin sabon cizo ba.

Aibi na biyu ya shafi nauyinsa, wanda a baya na yaba. Abin da ya sa ya yi sauƙin ɗauka shi ne ya sa ba ya tsayawa da ƙafarsa idan yaro ya yi ƙarfi. Da asubar kwana na uku ta farka kafin ni, ta miƙe zaune, ta dafa gefe tana neman fita, sai gaba ɗaya ya kife da ita a ciki. Allah ya kiyaye a ƙasa yake, a kan tabarma da bargo, kuka kawai ta yi na firgita. Amma tun daga lokacin nake tunanin matan da na gani suna ɗora shi a kan gado mai tsawo su fita tsakar gida. Ina roƙon duk mai irinsa da kada ta ɗora shi a kan wani abu mai tudu muddin yaron ya fara juyawa da kansa, domin babu abin da yake riƙe shi.

Katifar da ya zo da ita siririya ce ƙwarai, ba ta hana sanyin ƙasa ratsowa, kuma a fadama cikin Nuwamba sanyin asuba da raɓa ba abin rainawa ba ne. Maganin wannan shi ne a shimfiɗa bargo mai kauri a ƙarƙashin gidan sauron, daga waje, maimakon a cusa tsummoki da barguna a ciki inda yaro zai iya tura fuskarsa. Ɗan matashin kuwa na cire shi tun a gida. Likitocin yara suna gargaɗin cewa jaririn da bai kai shekara ba a kwantar da shi a rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri kuma shafaffiya, ba matashi ba kayan laushi, saboda haɗarin toshewar numfashi, kuma abin takaici ne a ce kayan da aka yi musamman domin jarirai ya zo da abin da bai kamata a sa musu ba, ba tare da ko layi ɗaya na gargaɗi a jikin jakar ba.

Tun da na ambaci sanyi, dole in faɗi wani abu da ya kusa faruwa. A daren da sanyin ya fi tsanani wani ƙanin maigidana, da kyakkyawar niyya, ya kawo mana kasko da garwashin gawayi ya ce, "Yaya, ku sa wannan a ciki saboda yarinya." Maigidana ya yi masa godiya ya ce a bar shi a waje. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda take kashe mutum cikin barci a rufaffen wuri, kuma ƙaramin yaro ya fi saurin galabaita. Ban da haka, yadin tanti da ragar gidan sauron duk na roba ne, tartsatsi ɗaya ya isa. Saboda wannan dalili ne ma ban kunna maganin sauro mai hayaƙi a ciki ba, kuma fitila mai caji kaɗai muka yi amfani da ita.

Zif ɗin shi ne mafi raunin abin da ke jikinsa. Haƙoransa ƙanana ne, yana yawan cin ragar da ke kusa da shi, kuma buɗe shi da hannu ɗaya cikin duhu, yarinya tana kuka tana neman nono, yana buƙatar haƙuri. A rana ta huɗu ya fara buɗewa ta baya bayan an ja shi, ya bar 'yar kafa da ta isa sauro ya shiga. Na matse kansa da filaya na goga masa kyandir ya ɗan daidaita, amma da muka dawo sai da na kai wa tela ya sa sabo mai kauri. Mai niyyar saye ta ja zif ɗin sau da yawa a gaban mai shago kafin ta biya, ta kuma bi bakin ɗinkin da yatsa, musamman wurin da kan wayar ya haɗu, domin idan yadin wurin ya yage wayar tana iya fitowa ta soki yaro.

Naɗe shi ma sai an koya. Ana haɗa gefe biyu ne a murɗa su kamar lamba 8, sannan a ninka zoben biyu su zama ɗaya a sa roba a ɗaure. Ranar farko na fi minti goma ina fama, yanzu kuwa ba na ko dubawa. Lokacin buɗewa a nisanta shi da fuskar yaro, domin wayar tana ballewa da ƙarfi.

Ga wanda ya tambaye ni ko ya cancanci kuɗinsa, amsata ita ce ya cancanta, amma ga jariri daga haihuwa zuwa lokacin da ya fara zama da rarrafe, wato wajen wata shida zuwa takwas. A wannan tsakani ban san wani abu da ya fi shi sauƙi ba ga mai tafiya ƙauye, ko kwanan biki, ko kwanan tsakar gida da bazara, musamman da yake ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba man korar sauro mai sinadarin DEET, saboda haka raga ce kaɗai kariyarsa. Ga yaron da ya fara tsayawa kamar tawa, ya yi ƙanƙanta kuma ya yi sakayau, sai dai a yi amfani da shi a ƙasa, kusa da uwa, ƙarƙashin babban gidan sauro mai magani. Wanda zai yi haka ya tuna cewa sabon gidan sauro mai magani ana shanya shi a inuwa kwana guda kafin a fara kwana a ciki, don kada ya sa ƙaiƙayi a fata.

Bayan dawowarmu na yi mako biyu ina taɓa goshinta safe da yamma, domin zazzaɓin yakan bayyana ne daga kwana bakwai zuwa sama bayan cizo, kuma na ƙudura cewa da jikinta ya yi zafi asibiti za mu nufa a yi gwajin jini kafin a ba ta kowane magani. Alhamdu lillahi ba ta yi ba. Gidan sauron kuwa na wanke shi, na ba matar ƙanin maigidana da ta haihu a watan Disamba, da sabon zif ɗinsa, ba tare da matashin ba.