Ƙwayar abincin aksolotul: wata 7 ina gwada ta a Aboabo, Kumasi

Ƙanina ne ya taho min da aksolotul ɗin daga Accra a cikin leda, bai fi ɗan yatsa tsawo ba, haɗe da gwangwanin ƙwayar abinci irin mai nutsewa. Da Hajiya ta leƙa sai ta ce, "Kai ɗan nan, wannan kifi ne ko ƙadangare?" Ba ko ɗaya ba ne. Dangin kwaɗo ne, asalinsa tafkin Xochimilco da ke birnin Meziko, da ƙafafu huɗu da wata jar geza uku-uku a gefen kai da yake numfashi da ita. A gidanmu dai Kifi-Mai-Ƙafa ya bi shi.

Ita ƙwayar, gaskiya ta yi. Da ka jefa take sauka ƙasa, kuma abin da ake so ke nan, don shi ba mai tasowa sama neman abinci ba ne, idonsa ma ba ya gani sosai, da ƙanshi yake gano ta. Tana yin laushi ba tare da ta narke nan da nan ba. Ba ya tauna, sai dai ya matso a hankali kamar bai damu ba, ya buɗe baki, wuf, ya zuƙe ta tare da ruwan. Wannan zuƙar ce ta sa na kwashe tsakuwar da na shimfiɗa masa a ƙasan akwatin gilashin, domin in ya haɗiye ta tana iya toshe masa ciki.

Inda na ci tuwon wahala shi ne bayanin da ke jikin gwangwanin. An rubuta a ba da sau biyu ko uku a rana. Ashe don kifi aka rubuta. Yana ƙarami ban ga illar ba, tunda ƙanana kullum ake ba su. Amma ya girma ya kai tsawon tafin hannuna ina nan ina zuba masa safe da yamma, shi kuma ba ya cewa a'a. Wata rana na dawo daga sallar asuba na tarar ya amayo ta, fari-fari a ƙasa, ruwan ya yi kauri yana wari, gezar ta lanƙwaso gaba. Na canja ruwan, na bar shi kwana biyu ba ci, sannan ya warware.

Yanzu bayan kwana biyu ko uku nake ba shi, ƙwaya 4 ko 5, bayan isha'i, don ba ya son haske. Ma'aunina kuwa ido ne: in na duba ta sama, faɗin cikinsa ya yi daidai da faɗin kansa. In cikin ya fi, na ƙara masa kwana ɗaya. Abin da ya rage bayan minti 15 da ƙaramin tiyo nake zuƙe shi, don ragowar ce ke ruɓewa ta ɓata ruwa.

Zafin Kumasi ma yana da hannu a ciki. Dabbar tana son ruwa mai digiri 16 zuwa 18, in ya haura 24 ta shiga wahala. Fanka nake sa wa a kan ruwan da gorunan ƙanƙara, ranar da dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya kwana kuwa ba na ma ba shi komai.

Sai dai ƙwayar ba ta kai tana ba. Da damina ina tono ta a bayan gida, wurin da na tabbata ba a fesa magani, in wanke in raba biyu. Nan za ka ga ya farka, yana fizga da kai kamar kare ya samu ƙashi. Hunturu na shigowa ƙasa ta bushe, tana ta ɓace, a nan gwangwanin ya cece ni, har na sa ƙanina ya ƙaro guda.

Hajiya har yau gani take horon yunwa nake yi masa. Makon jiya na kama ta tana ƙoƙarin gutsura masa ƙosai. Murfi na saya.