'Yar sikanar mota ta Bluetooth: ta iya gano ciwo, amma kada a bar ta a jikin mota

'Yar shuɗiyar sikanar nan da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari a haɗa ta da waya, ban saye ta da wani dogon buri ba, tunda kuɗinta bai kai na kwayil ɗaya ba. Irin ELM327 ce, wato sunan cif ɗin da ke cikinta, kuma kowa ya san yawancin na kasuwa kwaikwayo ne. To, aiki ɗaya da ta yi ya fanshe kuɗinta har da riba.

Motar 'yar Japan ce ƙirar 2006, inji 1.8, silinda 4, kowace da kwayil ɗinta. Fitilar cek injin ta kama, da safe kuma sai ta yi ta karkarwa a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, kamar mai zazzaɓi, in ta ɗau zafi ta lafa. A gareji aka ce a canza filogi duka, in ba ta daina ba a wanke nozil, in har yanzu tana yi a sayo kwayil. Wato a yi ta saye har Allah Ya sa a dace.

Na soka sikanar a soket ɗin nan mai ramuka 16, na murɗa makulli fitilu suka kawo ba tare da na tayar da inji ba, na buɗe manhajar Torque. Lamba biyu ta fito: P0301, wato silinda ta 1 tana misin, da P0171, wato iska ta yi wa mai yawa. A nan mutane ke asarar kuɗi. Da an ga P0171 sai a ruga sayen sensar salansa, alhali ita sensar rahoto kawai ta kawo. Lambar tana faɗin abin da birenbos, wato kwamfutar motar, ya gani ne, ba ta nuna kayan da ya mutu.

Kafin a goge komai a fara duba bayanan da birenbos ya adana a daidai lokacin da matsalar ta faru, domin gogewa na tafiya da su. Nawa sun nuna ruwan inji bai kai digiri 40 ba, mota kuma a tsaye. Ciwon na sanyi ne ke nan, kuma na silo.

Gwajin kwayil kyauta ne. A cire na silinda ta 1 a musanya da na ta 2, a goge lambar, a jira ta dawo. In ta koma P0302, kwayil ne. Tawa ta dawo P0301 ɗinta. Haka aka yi da filogi, nan ma ba ta motsa ba.

Abin da ya burge ni shi ne shafin da ke nuna ƙarin man da birenbos ke yi a lokacin da inji ke aiki, STFT (na nan take) da LTFT (na dogon lokaci). A lafiyayyen inji duka biyun suna yawo ne kusa da sifili, in jimillarsu ta wuce 10 cikin ɗari akwai magana. Tawa a silo LTFT tana kan +26, STFT kuma na ƙara wani abu a kai. Da na taka totur na riƙe inji a juyi 2500 a minti ɗaya, jimillar ta sauko ƙasa da +8. Wannan saukowar ita ce amsar. A silo bakin totur a rufe yake, iskar da inji ke ja kaɗan ce, saboda haka duk 'yar kafar da iska ke satar shiga ta bayan iyafulo mita, wato mitar da ke auna iskar da ke shiga inji, tana da tasiri sosai. In an buɗe totur sai iskar da aka auna ta rinjaye ta. Da a ce adadin hawa yake yi in an ba da wuta, sai a karkata ga famfon mai, ko nozil da ya toshe, ko iyafulo mita da ƙurar hunturu ta lulluɓe. Ita ma mitar na duba ta: wajen giram 2 a sakan ɗaya a silo bayan inji ya yi zafi, ba AC, abin da bai yi nisa da na inji 1.8 ba.

Saura neman kafar. Inji na silo da sanyinsa, ido na kan STFT, ana fesa ruwan wankin kafireta kaɗan-kaɗan a kan tiyoyin iska da inda manifol, mai raba wa silinda iska, ya haɗu da kan inji. A kiyaye, abin nan yana kama wuta, kada a fesa shi kusa da salansa mai zafi ko kwayil. Ana kaiwa ƙofar silinda ta 1, STFT ta faɗo ƙasa da sifili, karkarwar ta ɗauke na 'yan daƙiƙu. Da aka kwance manifol, gaskit ɗin roba ne ya tsufa ya daskare, ya lotse a wannan kusurwar, ga baƙin layin ƙura a inda iskar ke bi. In inji ya yi zafi wurin ya kumbura ya toshe, shi ya sa da rana ba a jin komai. Gaskit ɗaya aka sa, aka ɗaure notuna daga tsakiya zuwa waje. LTFT ta dawo wajen +3.

Da a nan na tsaya da tauraro biyar zan ba ta. Amma ana tsakiyar feshin nan sikanar ta yanke da waya, sai da aka zare ta aka mayar. Kuma ba sau ɗaya ba. Ga ta da jinkiri: in ka buɗe ma'auni shida a allo, kowanne sai ya daɗe bai sabunta ba, har ka fesa ka wuce wurin kafin adadin ya motsa. Wani ɓangare laifin tsohon layin sadarwar motar ne, domin sai daga 2008 aka wajabta layin sadarwa mai sauri da ake kira CAN a motocin da ake sayarwa a Amurka. Maganinsa a bar ma'auni biyu kawai a allo. Yankewar kuwa laifin sikanar ne.

Babban haushina batir. Rami na 16 a soket ɗin kullum da wuta yake, ko an zare makulli, ita kuma wannan ba ta da maɓallin kashewa, ba ta kuma yin barci. Fitilarta ja tana nan tana ci dare da rana. Mota ta yi 'yan kwanaki a ajiye da ita a jiki, aka wayi gari sai ƙas-ƙas. Ko layi ɗaya na gargaɗi babu a kwalin. Mai sayarwa ya kuma ce tana karanta komai, ƙarya ne: inji kawai ta karanta min, birkin ABS da jakar iska ko leƙa su ba ta yi. Mai iPhone ma kada ya wahalar da kansa da wannan samfurin, sai ya nemi mai Wi-Fi ko BLE, wato Bluetooth mai ƙarancin cin wuta.

Na ga tana nuna zafin ruwa daidai, kuma wannan na da amfani a nan inda ake yawan cire tamostat: in mota na tafiya ba ta kai digiri 80 ba, mai take sha a banza.

Tauraro uku ke nan, ko uku da rabi ga wanda zai zauna ya karanta adadin. Wanda goge fitila kawai yake so, ya sani za ta dawo. In kuma fitilar ƙiftawa take yi, ba tsayawa cak ba, misin ɗin ya yi tsananin da ɗanyen mai ke shiga salansa yana ƙona katalis, matatar hayaƙin da ke jikinsa. A faka a kashe inji tukuna, sannan a ɗauko sikana.