Sukurun Herbert a karayar wuyan hannu mai haɗe da gocewa: yana riƙo, amma ba shi kaɗai ba

Sukuru ne marar kai, wanda likita Timothy Herbert ya fito da bayaninsa a 1984 don ɗinke ƙashin sikafoyid, wani ƙaramin ƙashi na wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa. Tiredin gabansa ya fi na bayansa faɗin tazara, don haka yana shiga yana jawo ɓarin ƙashin biyu su matse. Ya kan nutse cikin guringuntsi, ba sai an dawo an cire ba.

Ɗaya daga cikin wuraren da yake amfani shi ne raunin da sikafoyid ya karye, sauran ƙasusuwan suka goce daga kan lunet (ƙashin da ke maƙwabtaka da shi a tsakiyar wuyan hannu), irin na wanda ya faɗo daga babur ya dafa ƙasa. Likita Mayfield ya kasa wannan gocewar mataki huɗu a 1980, na ƙarshe shi ne lunet ya fice gaba ya danne jijiyar ji ta tsakiya, yatsu su mutu. Sau da yawa ana sallamar mai shi da sunan targaɗe, saboda ba a duba hoton X-ray na gefe da kyau ba.

A nemi samfurin mai rami a tsakiya, wanda ke bin wayar jagora. Na asali sai da ma'auni na musamman, yana da wuyar saiti. Ana buɗewa ta bayan hannu, a mayar da lunet mazauninsa, a daidaita karayar, sannan a sa waya a tsakiyar ƙashin daidai. A ƙara waya ta biyu, in ba haka ba ɓarin zai juya tare da sukurun. Tsawon da aka auna da wayar a rage masa milimita 4 don samun tsawon sukurun, galibi ya kan tsaya tsakanin 20 zuwa 24. Mai tsawo yana leƙowa ya goge gaɓa, wanda ya kauce daga tsakiya kuma riƙonsa sakwa-sakwa ne.

Aibinsa biyu. Ba na'urar hoto a ɗakin tiyata, kada ma a fara. Sannan ƙashi kawai yake gyarawa: jijiyar ɗaurin da ta yage a gefen lunet sai an ɗinke ta, a tokare da wayoyi na mako 8 zuwa 10, da filasta. Jinin sikafoyid ta ƙarshen da ke wajen yatsu yake shiga, shi ya sa ɓarin da ke nesa da yatsu kan iya mutuwa ko da sukurun ya zauna daram. A gaya wa majinyaci tun kafin aiki cewa lanƙwasar hannun ba za ta dawo kamar da ba.