Gnulib, libbsd ko GLib: wanne ya dace da manhajarka?

Ka rubuta manhaja da harshen C a kan Ubuntu, ta yi aiki lafiya lau, sai mai shago a Wunti ya ce yana so a saka masa a kwamfutarsa mai Windows. Nan take aiki ya cije, wai ba a san getline ba. Shi getline, aikin C da ke karanta layin rubutu, ya shiga POSIX, ƙa'idar tsare-tsaren dangin Unix, tun 2008, amma Windows ba ta zuwa da shi. Haka strlcpy, mai kwafar rubutu: mutanen OpenBSD suka fito da shi a 1998, glibc, laburaren C na Linux, kuwa ba ta karɓe shi ba sai a 2023, a fitowa ta 2.38. Ɗalibanmu na ATBU da na Poli a nan Bauchi suna yawan cin karo da irin wannan giɓi, kuma hanyoyin cike shi ba ɗaya suke ba.

Idan abin da ka rasa ɗaya ne ko biyu, rubuta da hannunka. Shi strlcpy layuka kaɗan ne. Amma kada ka yi gigin rubuta getopt_long ko snprintf da kanka, kurakuran da ke ɓoye a cikinsu sun fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ita libbsd tana kawo ayyukan BSD irin su strlcpy da arc4random zuwa Linux. Ƙarama ce, tana da sauƙin sakawa, sai dai ba maganin Windows ba ce. GLib, wadda ta fito daga aikin GTK, da kuma APR, wadda Apache da Subversion ke tafiya a kanta, su suna aiki a Windows. Sharaɗinsu shi ne ka rubuta manhajarka da salonsu tun daga tushe, sannan dole laburaren ya bi manhajar duk inda ta je. Ga sabon aiki babba, GLib zaɓi ne mai kyau. Ga aikin da ya riga ya yi nisa, kusan sake gini ne.

Gnulib ta aikin GNU ta bi wata hanya dabam, kuma ita na fi so a fahimta. Ba laburare ba ce da ake sakawa a kwamfuta. Rumbu ne na ƙananan sassa, kana awon abin da kake buƙata da mudu maimakon ka ɗauki buhu. Ka ba da umarnin gnulib-tool --import getline strndup, sai ta kwafo lambar (wato code ɗin) waɗannan sassa cikin jakar lib, ta zuba gwaje-gwajensu a jakar m4, ta kuma jawo duk sashen da suka dogara da shi. Kai kuma ka ƙara gl_EARLY da gl_INIT a configure.ac, fayil ɗin da ke tsara gwaje-gwajen haɗa manhajarka. Daga nan, lokacin haɗa manhaja za a duba: in tsarin yana da getline mai kyau, a yi amfani da nasa, in babu, ko yana da matsala, a maye gurbinsa. Abin da ka zaɓa yana rubuce a gnulib-cache.m4, shi ya sa --update ke iya sabunta komai daga baya. Mai shagon Wunti ba zai sauke komai ba, domin komai na cikin kunshinka. Inda data ke da tsada, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya sa na yarda da ita shi ne waɗanda suka riga suka gwada ta. Coreutils, grep, tar, sed da wget duk da ita suke aiki, kuma mutane irin su Bruno Haible, Paul Eggert da Jim Meyering sun shafe shekaru suna gyara ta.

To amma tana da tsadarta. An gina ta ne don Autoconf da Automake, kayan haɗa manhaja na GNU. Wanda ke kan CMake ko Meson zai sha wuya, ban ba shi shawarar ya fara ba. Sashe ɗaya kan jawo wasu da yawa, jakar lib ta cika da abin da ba ka nema ba. Kuma lambar da ka kwafo ta zama amanarka: in an gano rauni a can, ba za ta gyaru a wurinka ba sai ka sabunta da kanka. A watan Maris na 2024, lokacin da Andres Freund ya bankaɗo ƙofar ɓoye da aka dasa a xz, manhajar matse fayiloli, an ga cewa an gurɓata fayil ɗin build-to-host.m4, wanda asalinsa na Gnulib ne, a cikin kunshin da ake rabawa. Ba laifin Gnulib ba ne, amma ya nuna haɗarin fayilolin da ba mai karantawa. Ɗauko Gnulib ɗinka daga ma'ajiyar GNU ta Savannah kai tsaye, ka rubuta ainihin sigar da ka ɗauka.

Sai lasisi, inda 'yan'uwa masu son sayar da manhaja suka fi tuntuɓe. Sassa da yawa na Gnulib suna ƙarƙashin GPL, wato in ka raba manhajar da ke ɗauke da su, dole ka ba da lambarta a kan sharaɗin nan. Wasu kuma LGPL ne, lasisin da bai tilasta maka buɗe lambar taka manhajar ba. Tun umarnin farko ka haɗa da --lgpl, gnulib-tool za ta ƙi shigo da duk sashen da bai dace ba. In sashen da kake buƙata na cikin waɗanda ta ƙi, kuma ba ka shirya buɗe lambarka ba, duba APR, wadda lasisinta na Apache bai tilasta maka hakan ba.