Hayar ɗaki a Accra: Madina ko Sabon Zango?

Madina, can arewa, ta fi sarari da sababbin gidaje, amma ruwan famfo ba kullum ba. Gidan da babu tanki ko rijiyar burtsatse, kuɗin tankar ruwa zai ƙaru a kan kuɗin hayar. Mai sana'a a kasuwar Makola da ke tsakiyar gari kuwa sai ya fita da asuba, don tirotiro (ƙananan motocin haya) kan maƙale a mahaɗar hanya ta Tetteh Quarshie.

Sabon Zango, a kudu, ga kasuwannin Abossey Okai da Kaneshie a kusa. Matsalarta cunkoso, da banɗakin haya a gidaje da yawa. Ka je duba ɗaki a watan Yuni, lokacin damina, ka lura da shatin ruwa a bango.

Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta ce kuɗin gaba kada ya wuce wata 6. Amma masu gida da yawa har na shekara 2 suke nema.