Zauren gwarzayen ƙwallon jami'o'i a Atlanta, inda na je don tunawa da Mark Richt

Na daɗe ina son ganin College Football Hall of Fame, wato zauren da ake karrama gwarzayen ƙwallon ƙafar Amurka na jami'o'i, amma abin da ya sa na ɗaura niyyar zuwa shi ne rashin lafiyar Mark Richt, tsohon kocin Jami'ar Jojiya. A watan Yulin 2021 ya sanar da cewa likitoci sun tabbatar masa yana ɗauke da cutar Parkinson, alhali bai cika shekara biyu da tsallake rijiya da baya ba a bugun zuciyar da ya same shi a Oktoban 2019. Cuta ce da ke cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin sannu a hankali, har gaɓoɓi su yi tauri, tafiya ta yi nauyi, kuma magani yana sassauta ta ne kawai, ba ya warkar da ita.

Zauren yana kan titin Marietta, daura da Centennial Olympic Park, kuma an buɗe shi a nan a 2014 bayan an ɗauke shi daga South Bend ta jihar Indiyana. Da shigarka za a ba ka katin rataya, ka zaɓi jami'ar da kake goyon baya, sai hular kwanon ƙungiyar ta haskaka a jikin wani bango mai tsayin hawa uku, wanda aka jera wa huluna sama da ɗari bakwai. Wannan dabarar ta burge ni matuƙa, domin katin yana biye da kai ko'ina, allunan da ka tsaya a gabansu su riƙa fito maka da abin da ya shafi ƙungiyarka. Akwai kuma filin wasa na yadi 45 a cikin ginin, inda yara da manya ke gwada jifa da bugun ƙwallo, sai dai ban daɗe a can ba.

A hawa na uku na yi mafi yawan lokacina. A nan aka rubuta sunayen waɗanda aka karrama shekara bayan shekara, kuma Richt yana cikin rukunin 2023. Tarihinsa a bayyane yake: ya horar da Jojiya daga 2001 zuwa 2015, ya ci wasa 145 ya sha kashi a 51, ya ɗauki kofin gasar SEC, wato gasar jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, a 2002 da 2005, sannan ya koma Miyami, jami'ar da ya yi wa wasa yana saurayi, daga 2016 zuwa 2018. Kofin 2002 shi ne na farko da Jojiya ta gani cikin shekara ashirin.

Amma darajar wurin a wurina ita ce yadda yake sa mutanen da ba su san juna ba su tsaya hira. Magoya bayan Jojiya da na tarar sanye da jajayen riguna ba lissafin nasarori suke yi ba. Wani dattijo ya ba ni labarin wasan Jojiya da Tenesi na 2001, lokacin da ɗan wasan Jojiya David Greene ya jefa wa abokin wasansa Verron Haynes ƙwallo saura daƙiƙoƙi a tashi, Jojiya ta ci 26 da 24, yana faɗa kamar jiya aka yi. Wata mata kuwa abin da ta riƙe shi ne yadda Richt da matarsa suka ɗauko yara biyu daga Yukren suka riƙe, da kuma tsarin da ya kafa na nema wa tsofaffin 'yan wasansa abin yi bayan rasuwar ɗaya daga cikinsu a 2013. Ko wasan ƙarshe na SEC na 2012, wanda Alabama ta ci 32 da 28 bayan lokaci ya ƙare wa Jojiya saura yadi biyar ta kai layin cin maki, sun ambace shi da taushin murya, ba tare da ɗora masa laifi ba. An buga shi ne a filin Georgia Dome, kusa da inda muke tsaye, kafin a rushe shi a 2017.

Richt bai taɓa ɗaukar kofin ƙasa a matsayin babban koci ba, kuma magajinsa a Jojiya, Kirby Smart, shi ne ya kawo shi a kakar 2021 da ta 2022. Duk da haka ban ji wanda ya rage masa daraja saboda wannan ba. Abin da na fi ji shi ne tambayar ya jikinsa, da addu'ar Allah ya ba shi sauƙi.

Wanda bai san wasan ba zai fi amfana idan ya je da wanda ya san shi, kuma ya ware aƙalla awa biyu, rabinsu a hawa na uku.